Ƙulli Na Talatin

Tunis, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Khalti Shadliya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Ina fata man da na bar miki kina shafawa, ba ajiye shi kika yi a saman kabad baƙi suna kallo ba. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ki. Sukarinsa ya sauka, sai dai har yanzu da na juya baya zai saci dabino.

Na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da takarda. Haka ne, ban musa ba. Amma ke ma kin hana a kira ki a waya, kin ce kunnenki ba ya jin muryar da ba ta da fuska. Shi ya sa na bi ta hannun Am Hadi mai motar haya ta luwaj.

Kin tuna zuwana da rani, da na yi kwana uku ina ɗora 'yar na'urar nan a kan igiyar launukan gidanmu, kina tsokanata wai ina auna wa ulu zazzaɓi? To an samu abin da ake nema. Ƙulli talatin ɗin nan duka na auna, na zuba su a fayil guda a kwamfuta. Fayil ɗin ba hoto ba ne, jeri ne kawai. Kowane launi yana da gurbin suna, da lambobi uku masu faɗin yawan ja da kore da shuɗin da ke cikinsa. Duk mai zanen da ya buɗe shi, ko a wace ƙasa yake, launukan za su jeru masa a gefen allo kamar yadda kike jera ulu a gefen masaƙa, ya ɗauki wanda yake so.

Maigidanmu a ofis, Si Munsif, da ya gani har sai da ya cire tabarau. Ranar biyar ga Disamba za a buɗe baje kolin sana'o'in hannu a nan, kuma ran nan za mu saki fayil ɗin kyauta ga duk mai so. Yana kuma roƙon darduma uku daga hannunki da za a rataya a rumfarmu.

Ga launukan nan na buga miki a takarda. Ki gwada su da igiyar a cikin rana ki gaya mini ko sun yi kama.

'Yarki,
Sirin


Gafsa, 15 ga Oktoba

Sirin 'yata,

Na samu takardarki. Gwiwa da sauƙi, man kuma ina shafawa, ba na son sharri. Ki gaishe da babanki, ki ce masa in zai saci dabino ya saci mai kyau.

Na kai takardar launukan tsakar gida na gwada. Sun yi kama, ban da shuɗin da ya ɗan yi sanyi. Na'urarki ba maƙaryaciya ba ce.

Sai kuma in yi miki barka. Ashe haihuwa kika yi ba mu ji ba! 'Ya'ya talatin rigis, kuma duka sunan uwarsu aka sa musu. Kin manta na yi aji shida a makaranta, rubutun Faransanci bai fi ƙarfina ba. A ƙarƙashin kowane launi na ga an rubuta Sirin 1, Sirin 2, Sirin 3, har zuwa talatin. Na sa tabarau, na cire, na sake sawa, bai canza ba.

Wanda kika kira Sirin 17, jan Hadda ne, mahaifiyata. Shekara shida tana bin saiwar fuwa, wadda ake rina ja da ita, kafin launin ya tsaya mata. Sirin 24 kuwa rawayan Wasila ne, kakarki, wadda ni da ita 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma saboda ita kike ce mini Khalti, innarki. Da bawon rumman ta same shi tana da cikin mahaifiyarki, Allah ya jiƙansu su biyun.

Kin san ƙa'idar gidan nan, don a kan tabarmata na gaya miki. Mace ba ta wanke nata, ba ta ƙulla nata. In ta samo sabon launi, wata mace ta gidan ce za ta wanke shi sau uku da koren sabulu, tana shanyawa a rana. In bai zuba ba, ita za ta ƙulla shi a igiya ta faɗi sunan mai shi da ƙarfi. Matan nan ba su bar gona ba, ba su bar gida da sunansu ba, kaburburan wasu ma ba a san inda suke ba. Ƙullin nan kaɗai suka bari.

Ba faɗa nake yi ba. Tambaya nake yi, ko kwamfutar ce ba ta iya rubuta Hadda.

Dardumar zan fara. Ga yajin harisa kwalba ɗaya, kada ki ba babanki da yawa.

Shadliya


Tunis, 19 ga Oktoba

Khalti,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki fatan ƙarin sauƙi. Baba lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba tun da Am Hadi ya miƙo mini takardarki a tasha. A tsaye na karanta, na rasa inda zan sa fuskata, har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Kwamfutar ta iya rubuta Hadda. Zan iya ce miki kuskure ne, kuma rabinsa kuskuren ne. Lokacin da na zuba launukan, na sa wa jerin sunana don kada ya ɓace cikin na abokan aiki, ita kuma manhajar ta bi kowane gurbi ta cike da sunan da lamba. Na ce zan gyara daga baya. Amma ranar da Si Munsif ya buɗe shi a gaban mutum takwas ya ce, "Ku zo ku ga idon yarinyar nan, daga ina take samo irin wannan?" ban gyara masa ba. Shekara huɗu ina wurin nan ina daidaita rubutun kwalin sabulu, ba wanda ya taɓa cewa a zo a ga idona. Na buɗe baki zan ce na kakannina ne, sai na ji daɗin ya fi ƙarfina, na ce, "Na gode." Da na buga miki takardar ma ban lura sunayen sun fito ba, don idona ya riga ya saba da su. Wannan ya fi komai ba ni kunya.

Ga abin da ke gabana. Sunan yana tafiya tare da launin a cikin fayil. Ranar biyar ga Disamba, da zarar mutane sun fara kwafa, an gama. Ko na gyara nawa daga baya, na hannunsu yana nan, su ba wasu, wasu su ba wasu. Jan mahaifiyarki zai zagaya duniya da sunana. Na zauna in rubuta sunayen da kaina, sai na ga goma sha ɗaya kawai na riƙe, su ma ban tabbata da jerinsu ba. Lokacin da kike faɗa mini, hankalina yana kan na'ura. Babu wanda ya san talatin ɗin nan a duniya sai ke. Don Allah ki rubuto mini su a jere.

Sai magana ta biyu. Na talatin, ruwan hodan nan mai ƙuna, na san naki ne. Na ga abin da na'urar ta nuna a kansa, ya fita daban da sauran ashirin da taran gaba ɗaya. Mai ɗab'inmu, wanda ya tsufa a aikin, ya juya shi ya juya ya ce bai taɓa ganin ganye ko saiwa sun ba da irin wannan ba. Si Munsif yana so a sa shi a babban allon rumfa da sunanki. Amma ni ina so in ji daga bakinki yadda kika samo shi kafin a rubuta komai.

Ki yafe mini.

Sirin


Tunis, 10 ga Nuwamba

Khalti Shadliya,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Sau uku ina zuwa tasha. Am Hadi ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu, ya ce yana ganin hayaƙi daga tsakar gidanki kullum, amma da ya ƙwanƙwasa kika ce masa ta bayan ƙofa babu saƙo. Ya ce hannuwanki sun yi baƙi har gwiwar hannu. Saboda haka na san kina tsaye da ƙafarki, ni ce ba kya son yi wa magana. Ban ga laifinki ba.

Ina so ki sani na faɗa. Ranar Litinin a taron safe na miƙe na ce launukan ba nawa ba ne, na matan gidanmu ne a Gafsa, ni aunawa kawai na yi, kuma na bari aka yaba mini a kan abin da ban yi ba. Si Munsif bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "To ina sunayen?" Na ce suna zuwa. Wata abokiyar aikina tun ran nan in ta wuce teburina sai ta ce, "Sannu Sirin 1, ina sauran ashirin da taran?" Ina yin dariya, don na cancanta.

Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In sunayen ba su zo ba, zai sa a rubuta Kudu 1, Kudu 2, tunda Gafsa a kudu take, a saki haka. Ya ce lamba ba ta yi wa kowa ƙarya. Ni kuwa na ga wannan ma shafe su ne, sai dai ba da sunana ba.

Ba sai kin yafe mini ba, Khalti. Kada ma ki gaishe ni. Ki rubuta sunayen kawai a bayan kwalin shayi ki ba Am Hadi. Kada laifina ya hau kan Hadda da Wasila.

Sirin


Gafsa, 23 ga Nuwamba

'Yata,

Ina gaishe ki, ko da kin ce kada in gaishe ki. Gwiwa ta tashi saboda tsugunno, bayana ma ya shiga layi. An fara kaɗe zaitun, ban leƙa ba ko sau ɗaya.

Takardarki ta ƙarshe ta sa ni kuka, don na ga kina can kina dukan kanki a kan shirun da ba naki ba ne. Ba fushi nake yi da ke ba. Ɓuya nake yi.

Da na karanta inda kika ce kin ga abin da na'ura ta nuna, kina so ki ji daga bakina, sai na ce shi ke nan, yarinyar nan ta gano, tana ba ni dama ne in faɗa da kaina. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin tukunya. Sai da ta biyun ta zo na gane ba ki san komai ba, girmama ni kike son yi. Wallahi da kin sani ɗin ya fi mini sauƙi.

To ki ji. Ina da shekara ashirin da tara ba ni da ƙulli. Shekara goma sha biyar ina kan tukunya, ƙannena biyu sun samu nasu, ni duk abin da na fitar sai ya zuba a wanki na biyu, ko a ce ai wannan na Mabruka ne, an riga ki. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai ta ce, "Sake." Shekarar na raka mijina Safakis ganin likitan ido. Yana ciki, na shiga wani kanti a bayan kasuwa na sayi ɗan ƙunshin hodar rini, irin ta masana'anta, bai kai tafin hannu ba. Da na dawo na zuba shi a tukunyar fuwa don warin ya ɓoye shi.

Hadda ta wanke sau uku. A na ukun ta ɗaga shi a rana, ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Ta ƙulla ta faɗi sunana, hawaye yana zuba mata. Ta tambaye ni da me, na ce wata saiwa ce na tono a bakin kwari. Ba ta ƙara tambaya ba, don mace tana da ikon riƙe sirrin launinta sai ta ba 'yarta. Ni kuma Allah bai ba ni 'ya mace ba, har na riƙa cewa rufa mini asiri ya yi. Ta rasu tana nuna wa baƙi ƙullin. Shekara arba'in da biyu ke nan. Kuma ni ce na zauna na rubuta miki wa'azi a kan sunan mutane.

Hayaƙin da Am Hadi yake gani, ƙoƙari nake yi in mayar da ƙaryar gaskiya kafin ku rubuta ta a allo. Na ce ko zan samo ruwan hodan nan daga ganye ko saiwa. Na dafa fuwa da alif, na dafa da lalle, na dafa da abin da kunya ba za ta bar ni in rubuta ba. Tukunya goma, ulun darduma biyu ya tafi. Ki gaya wa Si Munsif ɗaya kawai zai samu. Mai ɗab'inku ya fi ni gaskiya, babu shi a ƙasa.

A tukunya ta goma sha ɗaya na riga na haƙura. Na tattara abin da ya rage don kada a zubar: busasshen bawon 'ya'yan itacen fustuƙ na bana, ganyen zaitun, da ruwan da tsofaffin ƙusoshi suka kwana a ciki. Abin da ya fito shi ne ɗan ulun da ke cikin ƙyallen nan. Ba shi da kyau, kada ki yi mini kara. Kalar jakin da ruwan sama ya doka ce. Na jera shi da igiyar tun daga farko har ƙarshe, idona bai ga irinsa ba, amma idon ya tsufa kuma yana da son kai. Ki ɗora masa na'urarki, ita ba ta san ni ba.

Ban wanke shi ba. Ba ni da ikon wankewa. Matan 'ya'yana suna Faransa, ba su san tunkiya da akuya ba. Macen gidan nan da ta taɓa riƙe igiyar, ke kaɗai kika rage. Ga koren sabulu na haɗo. In ya zuba, ki gaya mini ya zuba. Kada ki yi mini abin da na yi wa Hadda.

Sunayen ashirin da tara suna ɗaya takardar, a jere, daga Mabruka ta farko har Jannat. Ki lura Duja biyu ce, ta huɗu ita ce babba, ta ashirin da ɗaya jikarta. Kada ki haɗe su, ba sa shiri tun suna da rai.

Ki gaya wa maigidanku gaskiyar ruwan hodan, amma a ɗaki, ba a taro ba. Ni ba ni da ƙarfin halinki. Ku cire shi daga fayil ɗin. Daga igiyar kam na kasa. Na sa farce sau biyu zan kwance, sai in tuna hannun wa ya ƙulla shi. In kina son ajiye shi, ki bar masa sunan da kika sa masa. Ɓarauniya ta samo, ɓarauniya ta raɗa masa suna, ba wanda ya ci wani.

Shadliya


Tunis, 29 ga Nuwamba

Khalti,

Gaisuwa, da sannu da gwiwa, da sannu da baya. Baba ya ce a gaishe ki, ya kuma ce in tambaye ki me ya sa 'yarsa take shanya gashin tunkiya a kan igiyar rigunansa.

Sunayen sun shiga tun ranar da suka iso. Na rubuta su ɗaya bayan ɗaya ina faɗa da ƙarfi, har na kusa da ni suka daina aiki suna saurare. Duja biyun na raba su. Na yi wa Si Munsif magana a ɗaki, ƙofa a rufe. Ya ce shi ma takardar shaidar da ke rataye a bayansa akwai labari a kanta, amma ba yau ba. Ruwan hodan ya fita. Yana kwamfutata ni kaɗai, da sunansa Sirin 30, kuma duk safiya sai na gan shi.

Naki na wanke ranar Talata, na shanya. Na wanke ranar Laraba, na shanya. Ranar Alhamis na sa farin kwano don kada in yaudari kaina, na cuɗa shi har yatsuna suka yi zafi. Ruwan ya fito fari tas. Ban yi miki kara ba, Khalti, na ma so in kama ki.

Sannan na ɗora na'ura. Ja 122, kore 113, shuɗi 84. Na gwada da ashirin da taran ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kusa da shi na Mbarka ne, na goma sha biyu, shi ma da nisa tsakaninsu. Babu shi a igiyar. Kuma ba kalar jaki ba ce, ko da yake na yarda jakin zai iya shiga ciki ya ɓace.

Gurbi na talatin a fayil yana nan da lambobinsa, amma ban rubuta sunan ba. Ba a faɗin suna kafin a ƙulla. Na roƙi Si Munsif ya jira ni zuwa Litinin, ya yarda. Na kama kujerar gaba a motar Am Hadi ta ranar Juma'a, ulun yana cikin jakata.

Abu ɗaya ne, ban iya ƙullin ba. Za ki nuna mini a kan wani zaren daban, sau nawa ma in ya kama. Daga nan sai ki miƙo mini igiyar, ki mayar da hannuwanki baya.

'Yarki,
Sirin